Sweet Home 3D: Gwanar Bango ce, Rufi Kuwa Sai da Dabara

Duk wanda ya taɓa gini a Maiduguri ya san aiki yakan tafi lafiya lau har ya kai linta, daga nan sai fuskar mai gida ta canza, domin maganar rufi ta taso. Katako nawa za a ɗauko daga kasuwar katako ta hanyar Baga, kwano bandir nawa, wane irin tsayi za a ba rufin, ruwa kuma ta ina zai sauka. Kafinta yakan tsuguna ya zana abin da yake nufi a ƙasa da tsinke, ko a jikin bulo da gawayi, mai gida ya gyaɗa kai alhali bai hango komai ba. Sai ranar da aka buga ƙusar ƙarshe ya koma tsallaken titi ya ga abin da ya biya. In ya yi kyau, ya gode wa Allah. In bai yi ba, kuɗi dai sun tafi, kuma a ƙarƙashin wannan rufin iyalinsa za su yi bazara da damina na shekaru masu yawa.

Shi ya sa da na zauna bitar manhajar zanen gida mai suna Sweet Home 3D, ban tsaya ga kujeru da labulayen da ake tallata ta da su ba. Tambayata ɗaya ce: mutumin Gwange ko Bulumkutu da ke shirin ɗora bene a kan gidansa, zai iya ganin rufinsa a cikinta kafin ya sayi katako? Zai iya, kuma wannan babban alheri ne. Sai dai dole ya koyi wata dabara da manhajar ba ta nuna masa a fili ba.

Wani Bafaranshe mai rubuta manhajoji, Emmanuel Puybaret, shi ya ƙirƙiro ta. Asalinta misali ce da ya gina don wani littafinsa na koyar da rubuta manhaja da harshen Java, wanda ya fito a 2006, sai misalin ya girma har ya fi littafin suna. Ya sake ta kyauta a ƙarƙashin lasisin GNU GPL, wato kowa yana da izinin ya sauke, ya yi aiki da ita, ya ba ɗan'uwansa, har ya buɗe cikinta ya gyara in ya iya. Ya yi shekara kusan 18 yana renonta a kamfaninsa eTeks kafin ta koma hannun kamfanin Space Mushrooms a 2024. Bitar nan a kan sigar kwamfuta ce ta 7, mai aiki a Windows da macOS da Linux. Akwai ta waya da ta intanet, amma zanen gida mai hawa biyu yana son allo mai faɗi da linzami a hannu.

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne rashin nauyinta. Da zarar an sauke ta ba ta ƙara neman intanet, kuma tsohuwar kwamfuta ta hannu irin wadda ɗalibai ke saye tana ɗaukarta. Wanda ya zauna a garin nan a 2021, lokacin da aka lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu har gari ya yi wata da watanni babu lantarki, ya san darajar kayan aikin da ƙaramin batirin sola zai riƙe. Allonta kashi huɗu ne. A hagu akwai rumbun kayan da za a ɗauka da jerin waɗanda aka riga aka saka, a dama daga sama takardar zane, a ƙasanta kuma gidan a tsaye. Duk layin da ka ja a sama, nan take bango ya miƙe a ƙasa. Ka jawo ƙofa ka kai ta jikin bango, ta manne da kanta ta huda gurbinta. Ka danna sau biyu a tsakiyar bango huɗu, ta gane ɗaki ne ta rubuta maka girmansa. Tana karɓar mita, tana kuma karɓar ƙafa da inci, wanda da shi birkilolinmu ke magana: fuloti 50 a 100, bulo mai inci 9 a waje, mai inci 6 a ciki. Wanda yake da tsohon zane a takarda yana iya ɗaukar hotonsa ya shimfiɗa a ƙarƙashi, ya gaya mata tsawon bango ɗaya, sauran kuma ya bi layi.

Inda ta fi burge ni shi ne damar shiga gidan a zagaya tun ba a haƙa harsashi ba. Ana ajiye ɗan mutum-mutumi a cikin zanen, a daidaita tsayin idonsa, a tura shi daga zaure zuwa tsakar gida, a kai shi hawan sama ya leƙa ta taga. A gidajenmu uwargida ce ta fi kowa wuni a cikin ginin, amma ita ce ba a cika nuna wa zane ba, in an nuna ma layuka ne da lambobi. A nan tana iya cewa kicin ya yi nisa da wurin wanke-wanke, ko baƙon da ya zauna a falo zai riƙa hango ƙofar ɗakinta, a gyara nan take ba a fasa bulo ko ɗaya ba. Haka maganar maƙwabta. Rigimar da bene ya fi jawowa a unguwa ita ce ta tagar da ke kallon tsakar gidan wani. Ka zana katangar maƙwabcinka da tsayinta na gaskiya, ka tsayar da mutum-mutumin a bakin tagar sama, za ka ga ko sirrin iyalin mutane ya tsira. Gani ya kori ji, ganin nan kuma ya zo a lokacin da gyara ba ya cin ko kwabo.

Maganar bene ta ƙara nauyi a garin nan tun daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Fori da Gwange da kewayen kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa, abin da Maiduguri ba ta ga irinsa ba tun ambaliyar 1994. Mutane da yawa a kan rufi da saman bene suka jira ceto. Ba abin mamaki ba ne mai sake gini kusa da kogin Ngadda ya yi tunanin ɗaga daɓen ƙasa, ya kuma nemi ko ɗaki ɗaya ne a sama. Manhajar ta samu tsarin hawa-hawa tun siga ta 3.4, a ƙarshen 2011. Kowane hawa lambobi uku gare shi: nisansa daga ƙasa, kaurin dekin ɗinsa, da tsayin bangonsa. Kana iya ɗaga hawan ƙasa da ƙafa 3 ka ga matakai nawa tsohuwa za ta taka kafin ta shiga ɗakinta. In ka koma hawan sama, bangon ƙasa yana bayyana a dusashe a cikin takardarka don ka san inda za ka ɗora bango a kan bango. Matakala da kanta take huda dekin ɗin da ke samanta. A hoton kuma kana da zaɓi, ko ka ga gidan gaba ɗaya, ko ka ɗauke abin da ke saman hawan da kake aiki a kai ka leƙa cikin ɗakuna. An yi wannan da tunani mai kyau, mutum yana koyonsa a zama ɗaya.

Na gwada ta da irin gidan da mai matsakaicin ƙarfi ya fi iyawa, wato rabin bene. Gaba zaure da falo, a samansu ɗakuna biyu a kan dekin. Baya ɗakunan iyali da kicin, hawa ɗaya, rufin kwano ya jingina da bangon benen. Sai baranda ta bi gefen tsakar gida. Gida irin wannan rufi uku gare shi a tsayi uku, na bayan kuma daga kan bangon ƙasa yake farawa ya haura har cikin yankin hawan sama. A nan manhajar ta nuna iyakarta.

Ba ta da abin zana rufi. Akwai na bango, akwai na ɗaki, akwai na awo da na rubutu, babu na rufi. A wajenta rufi kaya ne, a sahu ɗaya da gado da firji. Sai ka ɗauko ɓallen rufi daga rumbun kaya, ko ka ɗauki akwati ka sirantar da shi ya zama falle, ka karkata shi, ka ɗaga shi sama. Karkatarwar ma sai a siga ta 5.5 ta 2017 ta samu. Bangon da ke ƙarƙashi ana iya ba shi tsayi biyu, na farkonsa da na ƙarshensa, ya bi gangaren rufin, wannan kam yana aiki yadda ake so. Wasu masu amfani da ita sun rubuta wani ƙari da ake liƙa mata wanda ke fitar da rufi daga siffar ɗaki, Allah ya saka musu da alheri, yana rage wahala ƙwarai. Amma abin da yake fitarwa shi ma kaya ne, dokar kaya ce ke hawansa.

Dokar kuwa ita ce, kowane abu ɗan hawa ɗaya ne. In abin yana ƙasa, tsayinsa kuma ya zarce dekin, za ka gan shi a zanen hawan sama ma, kamar dogon ginshiƙi ko matakala. Amma abin da ke sama ba ya leƙowa ƙasa. Ba a iya sauke kaya ya gaza daɓen hawan da aka ajiye shi, kuma in kana kallon zanen ƙasa ko alamar rufin da ke sama ba za ka gani ba. Manhajar daga daɓe take kallon gida zuwa sama, rufi kuwa daga ƙoli yake saukowa, bakinsa ya wuce bango ya rataya. Sai mutum ya samu kansa tsakanin zaɓi biyu, kowanne da cikasinsa. Ka ajiye rufin baya a hawan ƙasa ka ɗaga shi, zai fito a zanen hawa biyun, amma ya kife a kan ɗakunan kamar faifai a bakin ƙwarya, ba ka ganin abin da ke ciki, duk inda ka danna shi kake kamawa. Ka mayar da shi hawan sama, ɗakuna su buɗe, amma bakinsa ba zai sauko inda ya kamata ba, mai duba zanen ƙasa kuma ba zai san inda kwano ya tsaya ba, ko ya rufe baranda, ko ya tsallaka katangar maƙwabci.

Wani zai ce ai wannan ƙorafin masu zane ne, bai shafi mai gida ba. Ya shafe shi har aljihu. Ɗauki rufin bayan nan, faɗinsa ƙafa 20 daga bangon baya zuwa bangon bene. In aka ba shi gangaren digiri 20, kansa zai haura ƙafa 7 da 'yan inci a jikin benen. Tagar ɗakin sama kuwa a ƙafa 3 daga daɓe take farawa. Ke nan rufin ya toshe kusan dukan tagar, ɗakin da aka yi don shan iska ya rasa mashigar iska ta wannan gefen. A sauke gangaren zuwa digiri 10, hawan ya dawo ƙafa 3 da rabi, in aka cire kaurin dekin tagar ta tsira da ƙyar. Kuskure ne da ba ya bayyana a zanen ƙasa shi kaɗai, ba ya bayyana a na sama shi kaɗai, sai an haɗa su. A wurin gini ranar da kafinta ya ɗora katakon farko ake gano shi, daga nan sai a toshe taga da bulo, ko a mayar da ita 'yar kafa a can sama, masu ɗakin su yi ta fama da zafi har abada.

Sai ruwa. Daminar Maiduguri gajeriya ce, yawancinta tsakanin Yuni da Satumba, amma in hadari ya haɗo daga gabas yakan juye ruwa mai yawa a ɗan lokaci, iska da ƙura a gabansa. Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin bene mai murabba'in mita 60, a ruwan milimita 50, lita 3,000 zai zubar, cikin durom 15 ke nan. In indararon sama yana kallon rufin baya, duk wannan ruwan wuri ɗaya zai riƙa duka a kan kwanon ƙasa, kusa da mahaɗar kwano da bango, wadda dama a nan yoyo ya fi farawa. Wanda ya ga rufin biyu a takarda ɗaya zai juya indararon ya kalli tsakar gida, ko ya sa bututu ya kai ruwan cikin tanki. Shi ma tankin sama, lita 2,000 tan 2 ne, wurinsa kan ginshiƙi ko mahaɗar bango, ba tsakiyar dekin ba, kuma ba za ka san ka dace ba sai kana ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Haka farantan sola, waɗanda in aka shimfiɗa su a rufin baya benen zai iya yi musu inuwa rabin wuni.

Dabarar da ke warware matsalar tana cikin manhajar, ba a dai yi ta don rufi ba. Tun siga ta 5.0 ta 2015 ana iya ƙara hawa a daidai tsayin wani hawan, ya zama shafi na biyu a kan na farko, ana kuma iya ɓoye kowane hawa a sake bayyana shi. To sai ka buɗe wa rufi shafinsa na kansa. Rufin baya da na baranda su zauna a shafin da ke daidai da hawan ƙasa, a ɗaga su zuwa kan bango. Rufin bene ya samu nasa hawan a ƙoli. In kana aikin ɗakuna ka tsaya a shafin farko, babu abin da zai rufe maka ido. In kana son ganin yadda rufi ya zauna a kan bango ka koma na biyu, domin yana nuna abin da ke na farko. Kuma tun da kan rufin bayan ya zarce dekin, zai fito a zanen hawan sama, a jikin bangon nan mai tagar da ake jin tsoro. Da wannan tsarin gidan gwajin ya fito daidai, rufi uku kowanne a mazauninsa.

Abu ɗaya ya rage, layin bakin rufi a zanen ƙasa. A al'adar masu zanen gini, abin da ke saman kai da layi mai tsinkewa ake nuna shi. Manhajar tana da alƙalamin jan irin wannan layin, sai ka zagaya gidan da hannu, ƙafa 2 daga bango ko yadda kuka yi da kafinta. Yana biyan buƙata, amma layin bai san rufin ba. Ka faɗaɗa rufi, layin yana nan inda ka bar shi, in ka manta ba ka gyara ba takardar da ka miƙa wa kafinta ta saɓa wa hoton da ka nuna wa iyali. Wannan shi ne aibin da na fi ganin zai iya jawo asara. A ɗaya gefen kuma, mayar da rufi kaya ya zo da wani amfani da ban yi tsammani ba: tun da kowane falle yana cikin jerin kaya da faɗinsa da tsawonsa na gaskiya, ana karanta tsawon gangaren kai tsaye, a raba da tsawon kwano, a ƙara na haɗi, mai gida ya je kasuwa da lissafin da zai iya gwadawa da na kafinta. Ana kuma fitar da zanen a PDF a kai shagon buga takardu.

Manyan manhajojin da ofisoshin zane ke aiki da su sun daɗe da wuce wannan wurin. A ArchiCAD, wadda kamfanin Graphisoft na birnin Budapest a Hungari ke yi tun shekarun 1980, rufi abu ne mai zaman kansa, ana gaya masa a wane hawa zai bayyana, ko a nasa kaɗai ko har da na sama da na ƙasa, ya kuma fito da layi mai tsinkewa inda yake saman kai. Revit ta kamfanin Autodesk tana barin mai zane ya shimfiɗa wani hawa a dusashe a bayan wanda yake aiki a kai, yana kallon sama ko yana kallon ƙasa. Amma waɗannan lasisinsu tsada gare shi, da kuɗin waje ake lissafa shi, suna son kwamfuta mai ƙarfi da watanni na koyo. Ba adalci ba ne a auna abin da mutum ɗaya ya bayar kyauta da aikin kamfanoni masu ɗaruruwan ma'aikata, balle tun farko don tsara cikin gida ya yi ta. Na kawo su ne don a ga abin da ya rage bai taka kara ya karya ba: zaɓi ɗaya a jikin kowane kaya da zai sa iyakarsa ta fito a zanen hawan da ke ƙasa.

Akwai abin da ya faranta mini rai a gwajin. Rufin da manhajar ta fi iyawa shi ne wanda ya fi kama da namu na gado. Soron ƙasa mai shimfiɗaɗɗen rufi, azara a jere, ƙasa a sama, 'yar katanga ta zagaye, indararo ya leƙo, a wajenta wannan daɓen hawa ne kawai da gajeren bango. Haka rufin dekin na zamani, da kwanon da ake ɓoyewa a bayan katanga. Dogon rufin nan mai tsini da ya zama yayi a sababbin unguwanni shi ne mai ba da wahala a allo, shi ne kuma mai cin kuɗi a kasuwa. Gangaren digiri 15 yana ƙara kwano kashi 3 da rabi cikin 100 a kan faɗin gidan, na digiri 30 kashi 15 da rabi, na digiri 45 kashi 41, ban da katakon da zai riƙe shi. A garin da ruwan shekara ke kai-kawo a wajajen milimita 600, ya kamata mai gida ya ga rufin biyu gefe da gefe kafin ya zaɓa. Dogon rufi yana da amfaninsa, domin sararin da ke tsakanin kwano da silin yana rage zafi in an bar masa mafitar iska, amma a zaɓe shi da sani, ba don na maƙwabci ya fi tsawo ba. Zankwayen soro da bakan gizo irin na tsohon masallacin Juma'a na Zariya kuwa, sai an ƙera su a wata manhajar an shigo da su.

Zafi ne babban alƙalin gida a nan, a Afrilu da Mayu ma'auni yana wuce digiri 40. Manhajar tana da kamfas. Ka nuna mata arewa, ka ba ta matsayin gari, wajen digiri 11.8 arewa da 13.2 gabas, ka zaɓi kwanan wata da sa'a, ta fitar da hoto da inuwa a inda za ta faɗi. Da wannan ake ganin bakin rufi mai ƙafa 2 yana taimakon bango da tsakar rana, amma ba ya yi wa bangon yamma komai da la'asar, nan sai baranda ko dogon yaro. Ana kuma ganin abin da ke ba mai kwaikwayon gidajen Turai mamaki: daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewacin kanmu take bi, bangon arewa ma yana shan nasa rabon. Kamfas ɗin yana da amfani wajen alƙibla, wadda daga Maiduguri take wajen digiri 66 daga arewa zuwa gabas, don daidaita wurin salla da kauce wa fuskantar da masai. A tuna dai a bayyana shafin rufi kafin ɗaukar hoton, a kuma yi haƙuri, domin hoto mai inuwa yana cin lokaci a ƙaramar kwamfuta.

Rumbun kayanta na gidan Turai ne. Babu randa, babu murhu, babu masai na tsuguno, babu turmi. Ana maleji da akwati da ganga a canza musu girma da launi, ana kuma iya shigo da kayan da aka ƙera a wasu manhajoji, ko a ɗauki hoton jan bulo ko zanen tabarma a shafa shi a bango ko daɓe.

Gargaɗina mafi nauyi daga kyawun hoton yake fitowa. Yana fita tsaf har mutum ya ɗauka gini ya tabbata, alhali manhajar ba ta san nauyi ba. Za ta bar ka ka ɗora ɗaki a kan iska, ka shimfiɗa dekin mai ƙafa 30 babu ginshiƙi, ba ta ce uffan ba. Ba ta san rodi nawa ake buƙata ba, ba ta san ko tu-bai-fo zai ɗauki wannan faɗin ba, ba ta san guguwar farkon damina da ke kama rufi ta baki da kusurwa ta yaye shi ba. Maganin wannan langa-langa ne da aka dasa cikin kankare, da isasshiyar ƙusa, da kafinta mai tsoron Allah. Harsashin da aka haƙa don hawa ɗaya, musamman wanda ya kwana cikin ruwan ambaliya, kada a ɗora masa bene sai injiniya mai rajista da COREN ya duba. Zanen da za a kai hukumar tsara birane ta jihar Borno don neman izinin gini shi ma aikin masanin zane ne mai rajista da ARCON. Matsayin Sweet Home 3D gabanin wannan yake: mai gida ya isa wurin masani ya riga ya san abin da yake so, shi da iyalinsa sun yarda da shi, yana kuma iya nunawa.

Hukuncina, manhaja ce da ta cancanci zama a kwamfutar duk mai shirin gini, da duk kafinta ko birkila da ke da ɗa ko ƙane mai taɓa kwamfuta. A bango da ɗaki da hawa ta yi abin da ake nema har da ƙari. A rufi tana kaiwa, amma sai da shafi na biyu da layin hannu, kuma ya kamata masu riƙe da ita yanzu su ba rufi abin zanawa na kansa wanda zai bayyana a duk hawan da ya ratsa. Akwai kuma aikin da ke wuyanmu. An fassara ta zuwa harsuna fiye da 20, da yawa da hannun 'yan sa-kai, babu Hausa a ciki, babu Kanuri. Ina kira ga ɗaliban zanen gini na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat da malaman harsuna na Jami'ar Maiduguri su haɗa kai su fassara ta, su zauna da kafintoci da birkiloli su ji sunan da suke kiran kowane katako da kowane sashe na rufi, su kuma ƙera mana randa da indararo da zanko a rumbun kaya. Lasisin ya ba da izinin yin haka, ba a biyan kowa ko sisi.